Ramatu ta Karaye da Ramatu ta Beli

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a bencin ƙofar shagon kwamfutar nan na bakin tasha, ku ba ku lura da ni ba, sai na ji ɗayanku yana ba sauran labarin aikin da na yi. Wai, "Baba Idi fa duk ƙuruciyarsa a laburaren jami'a ya ƙarar da ita, yana ƙirga sau nawa aka ambaci sunan malamai. Yanzu kuwa sunan mutum kawai za ka rubuta a waya, kafin ka ƙifta ido lamba ta fito." Kuka bushe da dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma ranar da na fara aikin haka na raina shi. Amma tunda kun taɓo ni, to ku gyara zama.

Ga yadda abin yake. Malamin jami'a in ya yi bincike, yakan rubuta shi a buga a mujallar masana. In wani masani ya zo yin nasa binciken ya jingina da na farkon, dole ya ambace shi a ƙarshen takardarsa. Wannan shi muke kira ambato. To in lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ba ya tsayawa a kan tulin takardun da mutum ya ɗauko. Yana so ya san ko akwai wanda ya karanta su ya amfana, ko kuwa tun da aka buga su suke barci. A nan ne ake turo mutum wurina, a wani ɗan ɗaki da ke bayan laburare, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara.

A hannun Malam Garba na koya, Allah ya jiƙansa. Lokacin babu intanet. Littattafai ne ake aiko mana daga waje, manya-manya, ɗaya sai ka rungume shi da hannu biyu, rubutun ciki kuwa ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Kayan aikinmu rula ce, da gilashin ƙara girman rubutu, da fensir, da katuna. Ka ɗora rula a ƙarƙashin layi, ka bi sunan marubuci, ka ga su wa suka ambace shi, ka kwafe a kati. Ranar farko na cika katuna kafin azahar, na kai masa ina ta washe baki. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Idi, wannan da ya ambaci mutumin nan, yabonsa ya yi ko ƙaryata shi ya yi?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To tafi ka ɗauko mujallar ka karanta. Kada ka sake ƙirga mini abin da ba ka buɗe ka gani ba." Da na buɗe, ashe marubucin cewa yake yi lissafin malamin namu ba daidai ba ne daga farko har ƙarshe. A lamba dai ambato ɗaya ne, daidai yake da na yabo.

Masu zuwa wurina kuwa, kowa da halinsa. Akwai mai shigowa da goro da doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rage murya ya ce, "Malam Idi, a duba mana da idon rahama." Ni kuwa idona ɗaya ne, kuma na rula ne. Akwai wanda in ka bi masu ambatonsa sai ka tarar shi ne dai, a kowace sabuwar takarda yana gaida tsofaffinsa. Shi ma ba na kunyata shi, sai in ware masa nasa gefe, na jama'a gefe. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne malamin tarihi da ya rubuta littafi da Hausa, ana karanta shi a makarantu har ya yage, amma a rumbunan bayanan da ake ƙirge da su babu ko ƙyallinsa. Irin wannan sai in zauna in rubuta wa kwamiti bayani da hannuna, cewa mudun da muke awo da shi bai kai nan ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta dogon yajin aiki. An kulle laburare damina ta same shi a rufe, rufi ya yi yoyo, gara ta bi danshi. Da aka buɗe muka tarar manyan littattafan nan sun zama ƙasa, ka ɗaga bango ciki ya zube. Izinin shiga rumbun intanet da aka fara ba mu shi ma ya ƙare. Ga malamai sun taru a ƙofa, kowa ƙarin girmansa ya makara. A shagunan kwamfuta na cikin gari na ƙarasa aikin shekarar, kafin shafi ɗaya ya buɗe sai ka yi sallar la'asar ka dawo, yana buɗewa kuma janareta ya mutu. A shekarar Malam Garba ya yi ritaya. Ranar da zai tafi ya tsaya a gaban kantar littattafan, sannan ya miƙo mini gilashinsa. Yana nan a aljihuna, da shi nake karanta takardar magani.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Dakta Ramatu. Malama ce a sashen kimiyya, bincikenta a kan duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, ba ranarmu ba. Mutane sun ɗauka kwana take yi tana kallon sama. Ko kaɗan. Da rana tsaka take aikinta a gaban kwamfuta. Na'urorin hangen nesa na ƙasashen waje suna auna hasken tauraro, su turo lambobi. In wata duniya ta gifta ta gaban tauraron, haskensa yakan ɗan ragu, sannan ya dawo. Ba wanda yake ganin duniyar da ido, ragin hasken ne shaida. Matsalar ita ce tauraro ma yakan yi tabo a jikinsa, hasken ya ragu ba tare da komai ya gifta ba. Gwanintar Dakta ita ce rarrabe gifcin gaskiya da tabo.

Ƙirga ambaton masu wannan fanni sai da haƙuri. Takarda ɗaya sai ka ga sunayen marubuta sun cinye shafi, daga ƙasashe daban-daban, sai ka tona ka gano wane ne ya ɗauki nauyin aikin, wane ne ya riƙe gefe. Sukan kuma saki takarda a intanet tun kafin mujalla ta buga ta, sai na'ura ta ƙirga su a matsayin biyu. Sannan takardar da ta yi shelar sabuwar duniya, daga baya aka gano tabo ne, ita ce wani lokaci ta fi kowacce yawan ambato, don kowa sai ya tsaya ya nuna kuskurenta. Wayarku ba ta gaya muku wannan.

Na san Dakta tun tana ƙarama, don a nan Karaye ta tashi, a gidan Alhaji Shehu tela na layin kasuwa. Shi baffanta ne, ƙanen mahaifinta. Mahaifin, Malam Buba, makiyayi ne a wajen Beli ta ƙasar Rogo. Ita ce 'yar farinsa. Kun san al'adar, ko da yake ku yanzu kun fara sakinta: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna nasa ne a gaban mutane. Ana yaye ta aka kawo ta Karaye riƙo. Da aka sa ta makaranta aka rubuta Ramatu Shehu Karaye, da shi ta yi digiri, da shi ta kama aiki, da shi ta buga takardunta na farko.

Da Alhaji Shehu ya kwanta ciwon ajali, sai ya kira ta ya ce, "Na riƙe ki, Allah ya gani. Amma mutum da sunan ubansa ake kiransa. Ki mayar wa Yaya abinsa." Ba da daɗewa ba ta tafi waje aikin bincike na wasu shekaru, duk abin da ta rubuta a can ta sa Ramatu Buba Beli. Ba ta je kotu ba, ba ta gyara fayil ɗinta na ofis ba. A ganinta wasiyya ta cika, magana ce ta cikin gida.

Na'ura kuwa ba ta san riƙo ba. A rumbu sai ga mata biyu: ɗaya ta Karaye da ta yi tashe ta yi shiru, ɗaya ta Beli da ta faɗo daga sama da adireshin wata ƙasa. Da Dakta ta haɗa takardunta duka ta nemi ƙarin girma, masanin waje da aka ba ya duba ya rubuto cewa rabinsu na wata ce daban. Kwamiti ya ba ta wa'adi ta yi bayani, in ba haka ba a miƙa ta ga masu ladabtarwa bisa zargin ɗaukar aikin wani. A jami'a ba a tashi daga irin wannan faɗuwa. Aiki ne zai tafi, da suna tare.

Ta shigo ɗakina ta zauna, ta ma manta da gaisuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Dakta, sha ruwa tukuna." Na yi makonni ina bin takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Na nuna hanyar lissafin da ta Karaye ta ƙirƙiro ita ce ta Beli ta ci gaba da ita daga inda aka tsaya. Na nuna abokan aikinsu ɗaya ne, wasunsu ma suka rubuto shaida. Kwamiti ya gamsu, amma lauyan jami'a ya ce aikinsa na neman abu guda: tunda ita ake zargi, rantsuwarta ba ta isa ba, mariƙinta kuma ya rasu. Sai mahaifinta, mai sunan, da kansa ya je kotu ya rantse cewa 'yarsa ce, kuma ita ce dai ta Karaye.

Da na gaya mata sai ta ce, "Baba Idi, gara a kore ni."

Na ce, "Subhanallahi. Me ya yi zafi?"

Ta ce, "Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. 'Ta wajen Shehu' yake cewa. In na je gaishe shi, shanu yake kallo yana amsawa. Yanzu in sa shi a gaban mutane, da furfurarsa, ya faɗi abin da ya yi shekara arba'in yana kauce masa? Ba zan iya buɗe baki in roƙe shi ba."

Na ce, "To ke kada ki buɗe. Ni ba ɗan farinsa ba ne."

Wannan ba ya cikin aikin da aka ɗauke ni. Amma Malam Garba ya ce kada in ƙirga abin da ban gani ba, ni kuma na gani da idona cewa mutum ɗaya ce, ban ga yadda zan bar lamba ta raba ta biyu ba. Ranar Asabar na shiga mota zuwa Rogo, na hau babur zuwa Beli, wani ya nuna mini hanyar rugar. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsayi. Na tarar da shi a gindin wata ƙirya yana murza igiya, dogon tsoho siriri. Muka gaisa, muka gaisa, muka ƙara: gida, shanu, ruwa, gajiya, mutanen Karaye, haƙurin rashin Alhaji Shehu. Aka kawo fura da nono na sha har na ji kunya. Sai da rana ta karkata ya ce, "Malam, aikin me kake yi a can birni?"

Na rasa ta inda zan kamo, sai na ce, "Malam Buba, masu ilmi sukan rubuta takarda. Wata takan mutu ba ta haifi komai ba, wata kuma wasu su ɗauka su gina a kai, kamar karsanar da ta yi albarka. Ni nake bin sawu in gano abin da kowacce ta haifa."

Ya gyaɗa kai. "Ta wajen Shehu fa? Nata suna haihuwa?"

"Suna haihuwa ƙwarai."

"An ce taurari take dubawa. Na ce Allah ya sa ba duba ba ne."

Na yi dariya na ce ba duba ba ne, na kwatanta masa ragin haske gwargwadon iyawata. Ya ɗan yi tunani ya ce, "To ai kamar saniya ce ta gifta gaban wutar garke. Kana nesa ba ka ga saniyar ba, ka dai ga wuta ta lumshe." Na ce wallahi haka ne, ko ita ba ta faɗa mini da kyau kamar haka ba.

Daga nan na zayyana masa komai, ban rage ba: sunaye biyu, zargi, wa'adi, da abin da kotu za ta nema daga bakinsa. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce, "Ba a karɓar rantsuwar wani ƙanena da ke Ruma? Shi ma ubanta ne." Na ce sunanka ne a takardun. Ya ce, "In na dangwala hannu ba tare da magana ba fa?" Na ce sai an ji daga bakinka. Ya daɗe yana kallon garke. Can ya ce, "Ɓarauniya suka ce?" Na ce ba su faɗa ba tukuna, amma nan maganar ta nufa. Ya naɗe igiyar ya ajiye. "Wace rana ce?"

Ranar Talata ya iso kotun Rogo kafin mu, da farar riga mai karin guga da sandarsa. Dakta ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ta ja ni gefe ta ce ita ba za ta shiga ba, don kada ta ƙara masa nauyi. Ta koma can gindin darbejiya inda masu babura ke fakewa, mu muka shiga ofishin magatakarda.

Magatakardan matashi ne mai ladabi. Ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Wadda ake magana a kanta, mece ce ita a wurinka?"

Malam Buba ya ce, "Ta wajen ƙanena ce, Shehu."

"Na ji, Baba. Amma kai, mece ce taka?"

Na ga gumi yana bin gefen rawaninsa. Ya ce, "Ai ga shi nan an rubuta a gabanka, ɗana."

"An rubuta, Baba, ka yi haƙuri. Doka ce ta ce in ji da kunnena."

Ya juya sandar a hannunsa. Ni dai na sunkuyar da kai, don na ji kamar ni nake tuɓe wa dattijo riga a kasuwa. Sai na ji ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "'Yata ce. Ita na fara samu."

"Sunanta?"

"Ramatu."

Magatakarda ya rubuta, ya karanta masa, ya kama babban yatsansa ya dangwala. An gama ke nan, har na miƙe. Amma tsohon bai tashi ba. Yana goge tawada a yatsa da gefen rawaninsa, ba ya kallon kowa, sai ya ci gaba kamar mai magana da kansa. Ya ce ranar sunanta ya ba ta wata jar karsana. Ya ce saniyar ta daɗe da mutuwa, amma jikokinta da tattaɓa-kunnenta suna nan cikin garke, ko shekarar da ciwo ya shiga shanu bai sayar da ko ɗaya ba. Ya ce, "Duk jajayen nan da ka gani, Malam, na Ramatu ne." Magatakarda ya riƙe biro bai san ko ya rubuta ba. Na girgiza masa kai.

A waje, kafin ya hau babur, ya matso kusa da ni ya ce, "Masu faɗin sunan nan nata a takardu, suna da yawa?" Na ce suna da yawa, har a ƙasashen da ni ma ban san inda suke ba. Ya ce, "To madalla. Ashe ana ta faɗa." Dakta tana tsaye taku kaɗan daga gare mu, amma ni ya kalla ya ce, "Ka ce wa ta wajen Shehu ta gaida gida." Babur ya tashi da shi.

Takardar kotu ta wanke ta, aka janye zargi, ƙarin girma ya fito. Na rubuta wa masu rumbun, suka ba da dama, na haɗa sunayen biyu wuri ɗaya. Dannawa ɗaya ce, ba ta kai ƙiftawar ido ba, a nan kun yi gaskiya. In kun rubuta sunanta a waya yau, lamba ɗaya za ku gani, tsaf, kamar haka ta faɗo.

A motar komawa Karaye ranar, muna kujerar baya, idonta na kan hanya har muka wuce gonakin rake. Daga gindin darbejiyar nan ba a jin abin da ake faɗa a ofis. Sai can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba Idi, ya faɗa?"

Na ce, "Ya faɗa."

Ta yi ɗan murmushi, irin na mai son ta mayar da abin wasa. "To mai ƙirga, sau nawa?"

Na ce, "Sau biyu. Na biyun ba wanda ya tambaye shi."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya wajen taga. Kwandasta ya miƙo hannu zai yi magana, na yi masa alama ya bari sai mun isa.